Yamaha SX700 ko Korg Pa700? Ga mai shirin sayen fiyano mai sitayil

Salam 'yan uwa makaɗa da masu shirin shigowa harkar. Tambayar da tafi yawa a wajena kwanan nan itace wane fiyano zan saya, kuma yawanci mai tambayar ya riga ya ɗora ransa akan wani da ya hango a gaban wani makaɗi a wajen biki, so yake kawai ince masa eh jeka ɗauko. To ni gaskiya bana iya cewa eh haka kawai, don kuɗin nan ba ƙananan kuɗi bane, wani shekara guda yayi yana tari, wani adashi ya ɗauka, wani ma babur ɗinsa ya sayar, kuma ga yadda dala take wasa da farashin kayan nan idan ka saya ba daidai ba kafin ka sake haɗa kuɗin wani an jima.

Wanda nake magana akai shine fiyano mai sitayil, wato wanda in ka danna kod, maɓallan da ake haɗawa a danna tare, da hannun hagu zai tado maka ganga da bes da jita da sauran 'yan rakiya su biyo ka, kai kuma kana jan waƙar da hannun dama, mutum ɗaya amma kaji kamar cikakkiyar ƙungiya. Shine irin wanda ake zuwa dashi kamu da dina da majalisi, shine a coci-coci da yawa a Jos da Kaduna da Yola, kuma duk wanda ya taso yana jin waƙoƙin nanaye yasan sautin PSR na Yamaha ko da bai san sunansa ba, don dashi aka gina kiɗan situdiyoyin Kano tun farko. Amma fa ba kowa ne yake buƙatarsa ba. In kai burinka ka koyi fiyano na asali da yatsu goma, nemi mai maɓalli 88 masu nauyi irin su Yamaha P-45, yafi arha kuma yafi maka amfani. In kuma aikinka duk a ɗaki ne gaban kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa FL Studio ko Cubase, ƙaramin kibod na MIDI ya isheka, ragowar kuɗin ka zuba a makirfo mai kyau da sipikun situdiyo. Mai sitayil na wanda zai tsaya gaban jama'a ne mawaƙi ya juyo yace ɗaga min, sauke min, koma amshi, kuma a take ya bashi.

Yanzu ga abinda nake so ya zauna a zuciyar duk mai saye. Mai shago zai fara maka da lissafi, wannan yana da murya dubu da kaza, sitayil ɗari huɗu, wancan ɗari biyar. Duk gaskiya ne amma zauna ka zaga cikin sitayil ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, zaka samu na rawar Turawa, na Latin, na jaz, na kantiri, wals da polka, su ne suka cika shi, a ciki wanda zaka iya ɗora waƙar Hausa akai ba tare da ka tanƙwara ta ba bai taka kara ya karya ba. Babu kiɗan kalangu irin na mahauta, babu bandiri, babu kiɗan ƙwarya, babu duman girke, babu wannan gwauron bugun mai tafiya uku-uku da muke rawa dashi a biki. Akwai 6/8 a ciki kam amma yawanci na balad ne mai sanyi, nauyin bugun ba a inda muke ajiye shi yake ba, duk wanda kunnensa ya saba zai ji. Saboda haka a wajenmu darajar fiyano ba yawan abinda yazo dashi daga kamfani bane, a'a, shin zai yarda ka zuba masa namu? Zai bari ka gina sitayil naka tun daga tushe? Yana da wajen ajiye sautin kalangu da kotso da gurmi da aka ɗauka da makirfo? Nawa ne girman wajen? Wannan shine ma'aunina kuma dashi zan auna duk waɗanda zan ambata.

Bari in ɗan buɗe cikin sitayil don wanda bai taɓa shiga ba. A Yamaha sitayil ɗaya layi takwas ne, biyu na ganguna, ɗaya na bes, biyu na kod, ɗaya na pad sai biyu na 'yan kwalliya da ake kira Phrase. Korg ma takwas ne, Drum da Perc da Bass sai Acc guda biyar. Kowanne kuma yana da juyi huɗu, Yamaha ta rubuta Main A zuwa D, Korg ta rubuta Variation 1 zuwa 4, ga shiga ga fita ga fil na tsakani. Mu a namu kiɗan sau da yawa layin ganguna biyun nan da bes su ne rayuwa, da yawa cikin makaɗanmu ma kashe sauran suke su bar ganga tana tafiya su kuma suna zuba sarewa ko algaita da hannu. To kaga idan gangar da take ciki ba tamu bace ai an bar baya da ƙura tun ba'a fara ba.

Na fara da ƙanana don nasan aljihun mafi yawanmu anan yake. PSR-E473 fiyano ne mai kyau ga mai koyo, murya 820, sitayil 290, yana jin ƙarfin bugun yatsa, yana da wajen makirfo, kuma babban abinda yake burge ni dashi yana aiki da batir AA guda shida, wanda a ƙasar da wuta take zuwa sanda taga dama wannan ba ƙaramin abu bane. Zaka iya zuba masa wasu 'yan sitayil daga filash, yana da ɗan samfilin na gaggawa da zaka ɗauki sauti ka ɗora a botin, amma ba zaka iya zama ka gina sitayil a kansa ba, kuma ba ya karɓar fak, wato ƙunshin ƙarin muryoyi da ake zubawa, irin na manyan. Don koyo da raka mawaƙa a ƙaramin taro ya wadatar, don sana'a kuwa wata shida zakayi kaji ya matse ka. Casio CT-X5000 shima a wannan layin yake, sipikunsa da ƙarfi, sautin fiyanonsa yafi kuɗinsa, har da wajen gyara kiɗa yana dashi, matsalar kawai da wuya ka samu wani kusa da kai mai irinsa da zaku yi musayar kaya.

Inda sana'a take farawa a ganina shine PSR-SX600 wanda ya fito a 2020. Shine mafi arha a gidan SX amma yana da abubuwa biyun da nace, akwai Style Creator na gina sitayil a ciki kuma akwai wajen fak na ƙari mai megabait 100. Sitayil 415 yazo dasu har da wasu na Afirka, bashi da nauyi, kilo takwas da ɗan ɗori, ka saka a jaka ka hau adaidaita ba wahala. Kuma yana da wani abu da har yayyensa SX700 da SX900 basu dashi, yana tura sauti kai tsaye zuwa kwamfuta ko waya ta kebul ɗin USB, wato zaka iya rikodin ba sai da saunkad ba, ga masu ɗora bidiyo a TikTok da YouTube wannan sauƙi ne babba. Inda ya gaza, sikirin ɗinsa ƙarami ne inci 4.3 kuma ba na taɓawa bane, komai da botin zaka bi, gina sitayil a kai yana cin lokaci da ido. Murya biyu kawai yake haɗawa a hannun dama. Sannan megabait 100 ɗin nan in ka zuba ganguna masu kyau da 'yan muryoyi kaɗan ya cika, sai ka fara zaɓen wanda zaka cire. Duk da haka wanda kuɗinsa iya nan ya tsaya ya saya da kwanciyar hankali, zai ci abinci dashi.

Sai PSR-SX700, shi da SX900 a 2019 suka fito. Anan ne zakaji ka shiga wani aji daban tun daga taɓa maɓallan, sun fi na SX600 daɗin hannu nesa ba kusa ba, basa wannan ƙaran roba, kuma in kana gudu da yatsu irin na sarewa suna dawowa da sauri. Sikirin inci 7 ne na taɓawa, tsarin cikinsa irin na Genos ne, babban fiyanon Yamaha, murya uku kake haɗawa a dama ɗaya a hagu, maimakon wili an sa masa joyistik wanda ni nafi so don lanƙwasa murya, musamman in kana kwaikwayon yadda makaɗin kalangu yake matse tsirkiya a hammata sautin ya hau ya sauka, da joyistik abin yafi fitowa. Wajen fak megabait 400 ne, ninki huɗu na SX600 kenan, kuma wannan ya isa ka zuba kayan Hausa ka ƙara na Indiya irin su tabla da dolak ka kuma bar wuri. Muryoyin da Yamaha take kira Super Articulation, musamman jita da saksafon da sarewa, suna da rai sosai, kana danna maɓalli a hankali ko da ƙarfi ko ka haɗa biyu zakaji numfashi da jan tsirkiya kamar mutum ne yake busawa. Botinan Registration guda takwas suna nan a gabanka ƙasan sikirin, ka ajiye komai na waƙa ɗaya a botin ɗaya, sitayil da tempo da taranspos da muryoyi, sai ka jera su a Playlist da sunan kowace waƙa, mawaƙi yana cewa wance zamu shiga kafin ya gyara makirfo ka riga ka shirya. Wanda ya taɓa tsayawa a filin biki mata sun cika fili ana liƙi sannan aka tsaya jiran makaɗi yana laluben sitayil yasan darajar wannan.

SX900 jikinsu ɗaya da SX700, bambancin yana ciki, sitayil 525, wajen fak gigabait 1, sipiku mafi kyau, Bluetooth, Chord Looper da yake maimaita maka kod ya sakar maka hannun hagu, da Vocal Harmony wanda yake yiwa mawaƙi amshi da muryoyi. In kai ne makaɗin kuma kai ne mawaƙin to amshin nan zai maka amfani, in kuwa kana da 'yan amshi ko aikinka kiɗa ne zalla, ni banga dalilin ƙarin kuɗin ba, gara ka sa su a mikisa ko sipika. A 2024 Yamaha ta fito da SX720 da SX920 da suka gaje su, da ƙarin muryoyi da ƙarin wajen fak, in kuɗinka ya kai SX720 ɗauke shi, amma fitowarsu ma alheri ce ga mai ƙaramin ƙarfi don masu canji suna sakin SX700 ɗinsu.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka biya kuɗin Yamaha shine zuba sabon sauti sai da kwamfuta. Akwai manhaja kyauta Yamaha Expansion Manager, a cikinta zaka haɗa fak ɗinka, ka fara fitar da ɗan fayil na shaidar fiyanonka a filash ka kai mata, ita kuma ta haɗa maka fayil ɗin girkawa ka dawo dashi ka girka. Kuma duk sanda zaka ƙara ko ganga ɗaya ce sai ka sake haɗa fak ɗin gaba ɗaya ka sake girkawa, don sabon yana goge tsohon ne. Ba wuya bace in ka saba amma wanda bashi da laftof zai zama kullum yana bin wani, kuma masu wannan aikin ba kyauta suke ba.

Nan ne Korg Pa700 yake shigowa da ƙarfinsa. Shi da Pa1000 a 2017 suka fito, kuma duk da Korg kamfanin Japan ne, gidan Pa reshensu na Italiya ne yake tsara shi. A Pa700 komai a kan fiyanon kake yi, ka ɗauki sautin kalangu da makirfo a situdiyo, bugun sama da na ƙasa da na matsewa kowanne daban, ka zuba su a filash a matsayin WAV, ka loda, ka yanke, ka rarraba su a kan maɓallai, ka haɗa kit ɗinka na ganguna ba tare da ka kunna kwamfuta ba. Har zagayen kiɗa da aka buga da hannu zaka iya ɗorawa ya yayyanka shi gunduwa-gunduwa yadda in ka ƙara tempo ko ka rage zai bi ba tare da sautin ya lalace ba, wannan ga mai son kiɗan gargajiya na gaske da hannun mutum a ciki wallahi babban abu ne. Wajen samfil ɗinsa megabait 256 ne. Yana da wata dabara kuma da yake maida fayil ɗin MIDI ya koma sitayil da kansa, ba kullum take fitowa tsaf ba amma tana rage aiki. SongBook ɗinsa na jera waƙoƙi tsoho ne a harkar kuma ya nuna, sipikunsa wat 25 ne kowane gefe don haka a ɗaki ko ƙaramin taro yafi SX700 cika waje. Pa1000 ya ƙara da na'urar murya ta TC-Helicon da maɓallai masu jin dannawa bayan an buga.

Ta wajen sauti kuwa wannan kunnena ne, wani zai iya jin akasin haka. Gangunan Korg da bes ɗinsa sun fi duka, suna da wannan danshin na kiɗan fili, in aka haɗa da manyan sipiku a waje zakaji su a ƙirji. Yamaha kuma sautinsa a goge yake tsaf kamar an riga an gama mikisin a situdiyo, jitarsa da sarewarsa da muryoyin tsirkiya sun fi zaƙi, shi yasa yake shiga da waƙoƙin soyayya sosai. Amma Korg yana son mai haƙuri, shafukan cikinsa suna da zurfi, abu ɗaya sai ka shiga nan ka fita can, wanda ya taso a PSR zai yi makonni yana laluben hanya, Yamaha kuwa yaro ma in ka bashi yini ɗaya zai fara kiɗa. Kuma in zaka gwada su a shago ka kashe kowanne ka kunna ka duba agogo kaga tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya tashi, musamman in an cika shi da samfil, don ranar da janareta ya shaƙe a tsakiyar dina wannan jiran kai kaɗai zaka san tsawonsa.

Akwai wani abu da ba'a rubuta shi a kwali ba amma ya kusa fin duk na sama muhimmanci, wato su wa suke kewaye da kai kuma me suke riƙe dashi. Sitayil ɗin Yamaha baya buɗuwa a Korg, saitin Korg baya buɗuwa a Yamaha. A garuruwanmu na arewa mafi yawan sitayil ɗin Hausa da suke yawo a filash da guruf-guruf na WhatsApp na Yamaha ne, saboda shekara da shekaru PSR ake amfani dashi, kuma Yamaha tana da kirki ta nan, sitayil ɗin da aka gina a tsohon PSR yawanci zai buɗe a sabon SX, sai dai ka gyara muryoyi da ƙarfin sauti. Masu gyara ma sun fi sanin cikinsa, robar ƙarƙashin maɓalli da adafta sun fi samuwa. Korg kuma a ƙasashen Larabawa da Turkiyya yake da jama'a sosai, don haka in kiɗanka ya karkata can zaka samu kaya kamar ƙasa. Kafin ka saya je ka zauna da makaɗa biyu uku na garinku ka tambaye su da me suke aiki, wa yake gina musu sitayil, wa yake musu gyara. Sayen abin da kai kaɗai ne mai shi a gari yana da daɗin faɗa amma ranar da ka maƙale babu wanda zaka kira.

Ga masu bege da ƙasidu da suke son zubin Larabci akwai magana ta daban. Waƙarmu ta Hausa yawanci a kan murya biyar take tafiya, kowane fiyano zai bada ita. Amma maƙamai irin su Bayati da Rast suna da muryar da take faɗawa tsakanin farin maɓalli da baƙin da yake kusa dashi, wadda babu ita a jerin maɓallan sai an sauke ta da saiti. SX700 da Pa700 duka suna iya wannan ta cikin sikirin, amma waɗanda aka yi musamman don haka, PSR-A3000 da PSR-A5000 na 2021 da Pa700 Oriental da Roland E-A7, suna da botinan a fili a gefen hagu, kana cikin kiɗa ka taɓa ɗaya muryar ta sauka, ga ud da ƙanun da nay da darbuka masu kyau sun zo dasu. In wannan ne layinka kar ka tsaya wahalar da kanka, nemi ɗaya daga cikinsu.

Genos da Genos2 da Pa5X na Korg ba zan daɗe a kansu ba. Sune ƙololuwa, babu musu, amma basa zuwa da sipika a jiki, kuɗin ɗaya zai saya maka SX700 da mikisa da sipiku da janareta har ka rage canji, kuma a filin biki ta cikin sipikun haya babu mai rawar da zai bambance maka su.

To sai na hannu, wanda nasan nan mafi yawa zasu ƙare kuma babu laifi ko kaɗan. PSR-S970 da S770 da S670 na 2015 ne, S975 da S775 na 2018, kuma har gobe suna aiki a fili. S970 yana da wajen fak megabait 512, kaga yafi na SX700 ma, S975 kuma 768, S770 yana da 160, S670 kuwa 32 ne kacal don haka shi a kula. S970 mai lafiya a farashi mai kyau ni zan ɗauke shi akan sabon SX600 ba tare da dogon tunani ba. Waɗanda suka girmi nan irin su PSR-2100 mai fulofi da PSR-3000 mai katin SmartMedia sun yi zamaninsu kuma sun yi aiki, amma yanzu basa karɓar fak kuma kayan gyaransu sai an sha wuya, sai dai in kusan kyauta aka baka.

In zaka sayi na hannu, ko a Sabon Gari ne ko Alaba ko wajen wani makaɗi, kar ka yarda da kiɗan gwaji da mai kaya zai danna maka ya tashi da kansa, wannan ko fiyanon da rabin maɓallansa suka mutu zai buga shi lafiya lau. Zauna ka bi maɓallan nan 61 ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka taɓa a hankali sannan ka buga da ƙarfi, in kaji wani yana ihu duk yadda ka lallaɓa shi ko yana yin shiru sai an danne to robar ƙasa ta ci ƙura ko ta gaji. Danna duk botinan musamman Start da Main A zuwa D da na Registration don su suka fi shan duka. Duba sikirin ko akwai layi-layi ko wani gefe ya dushe, in na taɓawa ne taɓa kusurwa huɗun. Ja joyistik ko wili ka saki kaji ko murya ta dawo daidai inda take. Tafi da filash ɗinka mai sitayil ka loda ka kuma gwada ajiyewa, tafi da hedifon, sa a jona shi da sipikar waje ta ramin hagu da na dama ka girgiza wayar kaji ko yana ƙara. Ɗaga sauti da bes mai nauyi kaji ko sipikun jiki suna karkarwa. Juya ƙasansa ka kalli sukurori, in duk sun sha sukundireba to an sha buɗe shi, ka tambayi dalili. Sannan ka barshi a kunne kamar rabin awa kana kiɗa, wasu matsalolin sai ya ɗau zafi suke fitowa. In ba ka iya duk wannan ba ɗauki makaɗin da ka yarda dashi ka biya masa kuɗin mota da na abinci, yafi maka arha. Kuma jabu suna nan a kasuwa an buga musu babban suna a jiki, alamarsu farashi mai daɗi fiye da kima, lambar samfurin da in ka bincika a shafin kamfanin babu ita, da maɓallan da basa bambance bugu mai ƙarfi da mai sanyi.

Kar ka kashe kuɗinka kaf akan fiyanon, ka ware na kariya. Abin da yafi kashe kayan nan a wajenmu wuta ce da ƙura. Adaftan SX da gidan S shine PA-300C mai bolt 16, nemi na asali ko da yafi tsada, adaftan laftof da aka yanke aka haɗa baki shine yake ƙona bod, kuma gyaran bod wani lokacin ya kusa kuɗin wani fiyanon. In daga Amurka ko Japan aka kawo shi karanta jikin adaftan ka tabbatar yana ɗaukar har 240, don wutarsu can 120 ce da 100, tamu kuma 230. Pa700 shi wutarsa a ciki take, waya kawai kake jonawa, wanda hakan yake nufin in wuta ta buga to cikinsa ta buga kai tsaye. Ka sayi ƙaramin UPS ka dinga tafiya dashi duk inda zaka, shi zai tare maka hawa da saukar janareta kuma in an ɗauke wuta fiyanon ba zai mutu ba balle ka jira ya sake tashi. Sai jaka mai kauri, sitan mai ƙafa biyu-biyu da baya rawa, fedal na riƙe sauti, da mayafin rufewa musamman lokacin hunturu da ƙura take shiga ko ina. Filash biyu, ɗaya a jaka ɗaya a gida, duk sitayil da rijistireshan ɗinka a kwafe a ciki.

In aka ce lallai in zaɓa tsakanin biyun da na sa a take, ga makaɗin biki ko coci a garuruwanmu wanda yake so ya saya yau jibi ya fita aiki, SX700 zan ce, ko SX720 in aljihu ya kai, saboda sauƙin hannu da yawan sitayil ɗin Hausa da zai samu a wajen abokan sana'a da kuma saurin sayuwa ranar da zai canza. Wanda kuma yake da kunnen haɗa sauti, yake da niyyar ya ɗauko makaɗin kalangu da mai gurmi ya kai su situdiyo ya ɗauki bugunsu ya gina kayansa da babu mai irinsu, Pa700 ne nasa, kuma ina fatan a samu masu wannan niyyar da yawa don har yanzu ganguna namu masu kyau da aka ɗauka da tsafta sunyi kaɗan a cikin fiyanonin nan. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi S970 ko S775 mai lafiya, in bai samu ba ya ɗauki SX600 sabo da garantinsa, kuma ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin fiyanon kafin ya bar shagon.